Taken Alhaji Sha'aban

Mun wuce Gadau da kaɗan Baba Babayo ya ce in tsaya ya yi numfashi. Abin da muka ɗauko: katifa ƙarama, filo biyu, buta, galan ɗin ruwa, ledar magunguna, kalangu a cikin tsohon buhun shinkafa, makaɗin da ake dukansa da shi, da na'urata ta ɗaukar sauti. Sai shi kansa a kujerar baya, ƙafafunsa a kumbure a kan cinyar 'yarsa Zuliha.

Na gangara gindin wata tsamiya na kashe mota. Kaka ce. An yanke gero, dawa na tsaye, ko ganye ba ya motsi. Ya buɗe baki yana jan iska, ƙirjinsa na ƙara kamar tukunyar da ta fara tafasa.

"Abbas, don Allah juya motar nan," in ji Zuliha. "Likita cewa ya yi ko masallaci kada ya je. Ga mu a hanyar Katagum."

"Likitan nan ɗan gidan wa ne?" in ji Baba, idonsa a rufe.

"Ni ina na sani, Baba."

"To shi ma bai san ni ba. Tuƙa, ɗan Malesiya. Na huta."

Na tayar da mota.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa a Matsango, cikin Azare. Na tafi Malesiya ina da shekara goma sha tara, na karanci aikin ɗaukar sauti, na zauna shekara tara, na dawo ban sami aiki ba. Na tarar an zuba kwalta a layinmu, Baba Babayo kuma ya daina fita. Muna yara ba a barin mu mu zauna a zaurensa. Shi makaɗin mahauta ne, mahaifina ma'aikacin ofishin ilimi, gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Amma da kalangunsa na riƙa tashi a ƙuruciyata. Da an idar da sallar asuba yake wucewa kwata, inda ake yanka. Kowane mahauci yana da takensa. Idan ya kada sa, Baba ya kaɗa masa, shi kuma ya amsa da kirari, ya yanko tsoka ya miƙa wa makaɗi. Daga nan Baba ya biyo naman har kasuwa yana kaɗawa, ta layinmu. Mahaifiyata tana tsakar gida za ta ce, "Yau Alhaji Sha'aban ne ya yanka, a kai kwano." Wata rana kuma ta ce, "Na wane ne, a bari sai gobe." Ba ta taɓa leƙa kwatar ba, ba ta kuma taɓa kuskure ba.

Yanzu mahauta waya suke riƙewa. Wanda ya yanka ya ɗauki hoton cinya ya tura wa masu saye.

Ba don tausayi na shiga wurin Baba Babayo ba. Abokina Bahauddeen ne ya buɗe gidan abinci a bakin babban titi: masa da miyar taushe, balangu, dambun nama. Ya rataye ƙorai da faya-fayai a bango, da hotunan tsohon gari. Masu zuwa yawanci irina ne, waɗanda suka yi nisa suka dawo, suna cin masa da cokali mai yatsu suna cewa garin ya lalace. Bahauddeen ya ce abu ɗaya ne ya rage masa.

"Ka ɗauko mana kiɗan tsohon nan maƙwabcinku kafin ya tafi da shi. Sai mu riƙa sakawa a hankali mutane na cin abinci."

Na ce to. Aiki ne, ni kuwa ba ni da shi.

Na sami Baba a ɗakinsa, a jingine da bango, kalangun na rataye a ƙusa bisa kansa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce take arba'in da ɗaya ya sani. Na ce ya kaɗa su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma in ɗauka.

"Wa zai amsa?" ya ce.

"Ba sai an amsa ba, Baba. Ajiyewa za a yi."

"Ka taɓa tsayawa a ƙofar gidan mutum kana ƙwala masa kira, alhali ka san da kai aka kai shi makabarta?"

Na ce a'a.

"To ni ma ba na yi. Ubana bai yi ba. Take kiran mutum ne. Inda mai shi zai ji ya amsa, nan nake kaɗawa. Arba'in sun mutu."

"Ɗayan fa?"

"Alhaji Sha'aban. Yana Katagum. Shekara goma sha biyu ke nan da ya bar fawa ya koma gidan ubansa."

Na naɗe wayoyina na fito. Na gaya wa Bahauddeen ya nemi wani abin.

Bayan mako biyu aka kwantar da Baba a asibiti, aka sallame shi da ledar magani da dogon bayani. Zuciya ce ta gaji. Washegari Zuliha ta yi sallama a gidanmu ta ce yana kira na. Tun da mijinta ya rasu take gidan, ita ke kula da shi.

"Ka aro mota," ya ce. Bai jira na zauna ba. "Shekara goma sha biyu ban kira kowa ya amsa mini ba. Ka kai ni in ji an amsa sau ɗaya. Kai kuma ka ɗauki abin da za ka ɗauka."

Na aro motar kawuna.

Daga Gadau hanyar ta ɓaci. Ina kauce wa rami ina faɗawa wani. Duk girgiza sai Zuliha ta ce, "Wayyo, a hankali," shi kuwa sai ya buɗe ido ya duba waje.

"Ta nan kakana ya biyo da ƙafa," ya ce. "Da sarauta ta tashi daga Katagum ta koma Azare, mahauta suka bi ta. Shi kuma ya bi mahauta. Shanu a gaba, shi a baya yana kaɗawa. Kwana biyu."

"Baba, ka yi shiru ka ajiye numfashinka."

"In ajiye wa wa?"

Ya ci gaba. Yana magana yana tsayawa, kamar mai hawa tudu da kaya. Ya ba da labarin shekarar da Alhaji Sha'aban ya yanka raƙumi ranar jajiberin salla, Fulanin Hardawa da na Dagauda suka cika kasuwa, nama ya ƙare kafin hantsi. Ya ba da labarin masu tsiren tasha, da ba sa sa yaji sai sun ga fuskar mai saye, don su san ko baƙo ne. Ya lissafa sunayen mutane. Ban san ko ɗaya ba. Na so in kunna na'ura, amma tana cikin jaka, ni kuma hannuna biyu na kan sitiyari.

Mun shiga Katagum rana ta ɗaga sosai. Na tsaya wajen masu nama na tambayi gidan Alhaji Sha'aban mahauci. Suka dubi juna. Ɗaya ya ce ko mai sayar da taya nake nufi. Baba ya ɗaga murya daga cikin mota:

"Na Yelwa!"

Wani dattijo da ke wanke teburi ya ɗago. "Na Yelwa? Ai sai ku ce haka. Ku bi nan, bayan masallaci, zauren da ke da dakali biyu. Amma fa ba ya magana."

Muka bi kwatancen har muka isa.

'Yar Alhaji Sha'aban ce ta fito, Fadimatu, malamar firamare, za ta yi shekara hamsin. Ta gane Baba tun kafin a faɗi sunansa. Ta durƙusa a bakin mota ta gaishe shi, suka gaisa da Zuliha, sannan ta ga buhun. Bakin kalangun ya leƙo.

"Baba, kiɗa za a yi?"

"Kira zan yi."

"A nan? Unguwar nan ba a saba ba. Limaminmu ma katanga ɗaya muke da shi." Ta gyara mayafi. "Kuma ba don haka ba ma. Shekara uku ke nan ɓarin jikinsa ya shanye. Ba ya gane mutane. Jiya ni kaina kallon baƙuwa ya yi mini. Kada ku sha wahala a banza."

"Mun riga mun sha," in ji Zuliha.

Fadimatu ta matsa daga ƙofa.

A zauren suke kwantar da shi da rana don ya sha iska. Yana kan gadon katako, fuskarsa na duban bango. Na tuna shi babban mutum, mai ƙaton wuya, rigarsa kullum da jini a hannu. Wanda ke kwance ko rabin wancan bai kai ba. Ni da Zuliha muka tallabo Baba, muka shimfiɗa masa katifa daura da gadon, muka tokare shi da filo. Fadimatu ta juyo da mahaifinta.

"Alhaji," in ji Baba. "Salamu alaikum. Ni ne Babayo."

Idanun suna kallon azara.

"Babayon Matsango. Mai kalangu."

Ƙuda ya sauka a gefen bakin Alhaji, Fadimatu ta kore.

"Ba ni," Baba ya ce mini.

Na zaro kalangun na miƙa masa. Na ajiye na'ura a ƙasa tsakanin gado da katifa, na duba ma'aunin sauti, na danna. Wannan dai na iya.

Ya rataya kalangun a kafaɗar hagu, ya tura shi ƙarƙashin hammata, ya ɗauki makaɗi. Wanda bai san kalangu ba zai ɗauka duka ne kawai. Ba haka ba ne. Igiyoyin fata ne suka haɗa bakinsa biyu. Makaɗi na matse su da damtse murya ta hau, ya saki ta sauka, da haka gangar ke faɗin abin da ake so ta faɗa. Baba ya buga. Sauti ya fito, amma murya ɗaya, a kwance. Ya matse. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, damtsen na rawa, igiyoyin ko gezau. Ya sake. Ya sake. Gumi ya keto masa. Abin da ke fitowa bai fi a buga bokiti ba.

Alhaji Sha'aban bai ko ƙifta ba.

Baba ya ajiye makaɗin a cinya. Ya daɗe yana haki.

"Shi ke nan, Baba," in ji Zuliha. "Ka zo, ka gan shi. Allah ya ba da lada. Mu tafi."

"Ban kira shi ba ai. Wannan ba takensa ba ne. Ba taken kowa ba ne." Ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa, kamar mahauci na duban dabba. "Kai. Zauna a bayana."

"Ni?"

"Akwai wani ɗan Malesiya a nan? Zauna. Zuro hannunka ta nan. Riƙe igiyar. Ba da yatsu ba, da damtse. Miƙo ƙafarka kusa da tawa. Idan na taka ka matse. Idan na ɗaga ka saki."

Na zauna a bayansa, ƙirjina a bayansa, hannuna na hagu a kewaye da shi da kalangun. Yana warin man zafi da tsohuwar fata. Ina jin bugun zuciyarsa a haƙarƙarina, yana gudu yana tuntuɓe.

Ya buga, ya taka. Na matse a makare.

"A'a."

Ya sake. Na matse da wuri, da ƙarfi kuma, har gangar ta yi ƙara kamar an taka kare.

"Kai! Shaƙe ta za ka yi? Shekara tara kana karatun sauti, igiya ta gagare ka. Me suka koya maka a can?"

"Dannawa, Baba."

"Na gani."

Fadimatu ta sa mayafi ta rufe baki. Ban san ko dariya ba ce.

"Saurara," ya ce. "Ga abin da take faɗi. Na Yelwa, sa ya kwanta, gari ya tashi. Shi ke nan. Faɗi a ranka. Kada ka jira ƙafata, ka bi maganar."

Muka sake. Karo na huɗu ya karkace. Na biyar ma haka. A na shida na daina lissafi, na ji kawai abin ya faɗa inda ya kamata, sai na gane shi. Shi ne wanda nake ji ta katanga ina kwance a tabarma, mahaifiyata na neman kwano. Ban san yana kaina ba.

Baba bai tsaya ba. Ya maimaita, ya maimaita, hannun dama na tafiya da kansa. Mutane suka fara taruwa a ƙofar zaure. Wani mai acaɓa ya kashe mashin. Akuya na kuka a cikin gida.

Yatsun Alhaji Sha'aban na hagu ne suka fara motsi a kan zanen gado. Sai idanun suka sauko daga azara, suka yi yawo, suka tsaya a kan kalangun. Bakinsa ya karkace. Wani sauti ya fito, ba magana ba ce. Baba ya taka ƙafata da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya sake kiran.

"Na..." in ji Alhaji Sha'aban. Miyau na zuba. "Na... Yel... wa."

"Sai kai!" in ji Baba. "Ƙarasa!"

"Ban... yanka..."

"Ramamme ba!" dattijon nan mai wanke teburi ne ya ƙarasa daga bakin ƙofa. Ashe ya biyo mu. "Bai taɓa yanka ramamme ba, wallahi!"

Baba ya ɗora tafin hannu a fatar gangar, ta yi shiru. Ya jingina da ni gaba ɗaya. Ba shi da nauyi.

Na ɗauka an gama. Amma Alhaji Sha'aban ya ɗaga hannun hagu yana yanka iska, yana kallon 'yarsa. Ta matso.

"Ruwa, Baba? A juya ka?"

Ya girgiza kai da fushi. Ya ci gaba da yanka iska.

"Wuƙa yake nema," in ji Baba Babayo, murya ƙasa-ƙasa. "An kira shi ya amsa. Ba zai bar makaɗi ya tafi hannu wofi ba."

Fadimatu ta shiga gida. Ta dawo da wuƙar girki da kwanon naman da ta saya don miyar rana, cinyar akuya ce ba a yanyanka ba. Muka tayar da shi zaune, dattijon ya riƙe bayansa. Ta sa masa wuƙar a hannun hagu. Ya shafa kaifin da babban yatsa, ya yi tsaki. Ta riƙe cinyar ta nuna masa gefe. Ya ture da bayan wuƙa. Ya sa ta juya naman har sau biyu, yana latsawa, sai da ya sami inda yake so. Yankan ya ɗauki lokaci. Babu wanda ya taimake shi, don duk wanda ya miƙo hannu sai ya harare shi. Da tsokar ta rabu ya soke ta da tsinin wuƙa ya miƙa.

Baba ya karɓa da hannu biyu.

"Allah ya ƙara kasuwa, Alhaji."

Bayan haka Alhaji Sha'aban ya gaji. Aka kwantar da shi, idanunsa suka koma azara. Fadimatu ta naɗe tsokar a takarda, ta ce mu tsaya mu ci abinci. Zuliha ta dubi leɓɓan mahaifinta ta ce a'a. Na kashe na'ura. Minti talatin da ɗaya.

A hanyar dawowa bai ba da labarin kowa ba. Ƙunshin naman na kan ƙirjinsa, ya ƙi a sa a leda. Mun tsaya sau huɗu. Bayan Gadau ya ce, "Ɗan Malesiya."

"Na'am, Baba."

"Hannunka da nauyi. Amma kana ji."

Shi ne kawai yabon da na samu a wurinsa.

Zuliha ta dafa tsokar har ta narke, ba gishiri, yadda likita ya ce. Ta tace romon ta kai masa a ƙaramin kofi. Ina nan. Ya sha cokali biyu ya kauda kai.

"Akuyar ta tsufa," ya ce. "Da Alhaji ne ya sayo da bai ɗauko ta ba. Amma ya san inda ya yanka."

Ya yi kwana shida. Ya daina kwanciya, a zaune yake barci, don idan ya miƙe ruwa na cika masa ƙirji. Nakan shiga da safe in taya Zuliha ɗaga shi. Bai sake maganar kalangu ba, bai tambaye ni abin da na ɗauka ba. Ya tambayi ko an fara yankan dawa. Ya sa aka kira wanzami ya yi masa aski. Ranar Alhamis bayan azahar ina wanki a tsakar gidanmu na ji Zuliha ta katanga tana cewa, "Baba. Baba." Ba da ƙarfi ba. Sau uku, sannan ta yi salati. Na ɗauraye hannu na zagaya.

An yi jana'iza bayan la'asar. Sahu uku. Mahauta huɗu suka zo, biyu daga cikinsu don sun san mahaifina ne. Ɗaya ya tambaye ni ko marigayin shi ne mai gyaran keke na da.

Bahauddeen ya zo gaisuwa washegari. Ya zauna a tabarma ya yi addu'a yadda ya kamata. Da zai tafi ya ja ni gefe.

"An ce kun je Katagum. Ka samu?"

"Na samu."

"Alhamdu lillahi. Ka ga da ba mu yi sauri ba. Ka gyara shi, ka cire hayaniya. Zan sa a buga hotonsa babba, mu rataye kusa da ƙofa. Mutane su san garin nan yana da tarihi."

Ba mugun mutum ba ne. Da gaske yake. Na ce zan duba.

Na saurara a ɗakina da rana, sau ɗaya. Komai na ciki: bugun farko da ya ƙi magana, zagin da na sha, akuya, mashin, hakin Baba. Taken kansa, mai kyau, bai kai minti huɗu ba. Zan iya yanke shi in wanke shi cikin awa guda. Na rufe kwamfuta.

Ranar sadakar uku Fadimatu ta zo daga Katagum a motar haya, da ƙullin gero da goro. Bayan mata sun ragu ta sa Zuliha ta kira ni. Na same su a ƙofar ɗakin Baba. An fitar da katifa an shanya, an share ɗakin. Kalangun na ƙusarsa.

"Ba mu gaya masa ba," in ji Fadimatu. "Ban san yadda zan faɗa ba, ban kuma san ko zai gane ba."

"Yaya jikin nasa?" na ce.

"Jiki dai yana nan yadda yake. Sai fitina." Ta yi ɗan murmushi na gajiya. "Tun ranar da kuka zo ya ƙi a juya shi bango. Da an idar da asuba sai ya yi ta bugun gado har a fito da shi zaure. Sai an sa shi yana kallon ƙofa. Sai an ajiye masa wuƙa kusa da hannu. Na ɓoye ta, ya ƙi cin abinci. Yanzu da kaina nake wasa ta in kawo. Haka zai zauna har hantsi, duk wanda ya gifta ya bi shi da ido. Idan rana ta yi zafi sai ya ture wuƙar ƙasa."

Zuliha ta sunkuyar da kai.

"Shekara uku yana kwance lafiya lau ba ya jiran kowa," in ji Fadimatu. "Ba laifinku nake gani ba. Na dai ce in faɗa muku."

Ta tashi don kada mota ta wuce ta. Zuliha ta raka ta zaure ta dawo. Ina nan tsaye inda suka bar ni.

"Bahauddeen ya aiko a tambayi hoton Baba," ta ce. "Na ce sai na ji daga bakinka. Me za ka ce masa?"

"Zan ce masa mai taken yana da rai."

"Shi ke nan?"

"Asabar zan koma Katagum. Zan gaya wa Alhaji Baba ya rasu, da bakina. Sannan in kunna masa takensa."

"Idan bai gane ba fa?"

"In sake komawa wata Asabar. Har ranar da za a ce ya rasu. Ranar zan goge abin da na ɗauka."

Ta dube ni kamar za ta yi gardama, sai ta fasa. Ta shiga ɗakin ta rufe taga, ta ɗauko kofin da ke kan dakali, ta fito.

"Zai yanko nama," ta ce. "Wa zai karɓa?"

"Ni. In kawo miki."

Ta ja ƙofar. Katakon ya kumbura tun damina, sai da na sa kafaɗa ya shiga. Ta maƙala kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zanenta, ta wuce madafa da kofin a hannu.